Zufar da Ta Kusa Cinye Ƙodar Malam

Allah na gode maka da ka bar min mijina. Da wannan zan fara, don kada mai karatu ya yi ta bin labarin nan gabansa na faɗuwa. Malam bai mutu ba. Amma ya leƙa, wallahi ya leƙa, kuma ni ce nake riƙe da ƙafarsa lokacin.

Abin da ya sa na tono zancen bayan shekaru masu yawa, jikata ce ta zo hutu daga Kaduna tana ba ni labarin wani wurin motsa jiki da suke zuwa. Wai ana rufe ɗaki a ƙara masa zafi da gangan don zufa ta zuba. Tana faɗa tana murna, wai sabon yayi ne. Na ce mata ke tafi can, sabo a wurinki. Mu a Funtuwa mun ga irinsa tun muna ƙarƙashin jihar Kaduna, ba a ma yanke Katsina ba, kuma na san abin da yake yi wa mutumin da ba ya hutawa.

Sunana Kulu. Maigidana ba na kama sunansa, Malam nake ce masa, haka kuma zan ci gaba da ce masa a nan. A farkon shekarun tamanin awon auduga yake yi a kamfanin gurza. Irin aikin nan ne da in auduga ta ƙare sai a sallame su, sai kuma wata kakar. Sauran watanni noma yake yi. Muna da 'ya ɗaya mai tatata, ga kuma Inna, mahaifiyarsa, tare muke zaune. Ya gaji da aikin rabin shekara, ni ma na gaji, ba zan ɓoye ba. Sai labari ya zo cewa za a ɗauki mutane aikin ɗamara a Kaduna in damina ta yi tsaka, za a gwada gudu, a gwada ƙarfi. Shekarun Malam kuwa sun kai bakin iyaka. In wannan ɗaukar ta wuce shi, shi ke nan, ba za a sake duba shi ba.

A unguwarmu akwai wani tsohon soja, Saje Bulus, Kirista ne mutumin wajen Malumfashi, ya yi yaƙi ya dawo da ɗingishi. Shi ne ya tara masu neman aikin yana ba su horo. Wurin horon wani tsohon sito ne na auduga, bango kwano, rufi kwano, ba taga. Lokacin kuwa bazara ce, irin wadda kaza ke tafiya baki buɗe. Bayan azahar suke shiga, rana na tsakiyar aikinta, a ja ƙofa a rufe. Kuma duk wannan bai ishi Saje ba, sai ya sa a hura gawayi a kasko a ajiye a kusurwa. Wai mutumin da ya iya gudu a cikin wannan zafin, gudun Kaduna zai zame masa wasan yara.

To ga inda abin ya fi ba ni haushi. Kun san buhun takin zamani, mai leda a ciki? A ƙasarmu ta noma ko wane gida akwai shi. Su waɗannan bayin Allah sai su yanka masa wuya da hannuwa, su sa a ƙarƙashin riga, don zufa ta ƙara tsatsowa. Babban mutum da gemunsa, sanye da buhun taki, yana tsallen kwaɗo. Sannan dokar Saje ce ba a shan ruwa a cikin sito, ba a kuma sha da an fito sai jiki ya huce. Wai ruwa a kan zafin jiki yana kumbura saifa, yana kuma sa mutum ragwanci. Kowa ya yarda, don mu ma tun muna yara haka ake faɗa mana.

Duk da haka sauran ba su kwanta ba, Malam ne ya kwanta, kuma na san dalili. Saje ya raba su kashi biyu, in waɗannan sun yi yau, gobe waɗancan, kowa na samun yini ɗaya yana hutawa. Malam ya ce shi ya girme su, dole ya ninka. Ya shiga kashi biyun duka. Saje bai hana shi ba, sai ma ya riƙa nuna shi yana cewa ga namiji. Kuma sauran yawancinsu samari ne marasa nauyin kowa, in sun fito sai su bi inuwa su baje. Shi kuwa da asuba yana gona, yana sharar gona, yana jidar takin gida kafin ruwa ya sauka. Ya dawo ya ɗan taɓa fura, ya sa buhunsa ya nufi sito.

Wata rana ya dawo leɓɓansa sun yi fari fat, rigarsa duk gishirin zufa ya zana ta. Na miƙa masa moɗa, ya ture.

Na ce, “Malam, don girman Allah ka huta gobe. Jakin Inna ma ana sauke masa mangala ranar Juma'a.”

Ya ce, “Kulu, in na sa kaki na yi ta hutawa. Yanzu ba lokacinsa ba ne.”

“To ka bar gonar, a nemi 'yan ƙwadago.”

“Da me? Ke dai ki yi min addu'a.”

Na yi masa addu'ar, na haɗa da mita, don ni ba na iya haɗiye magana. Ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Abin ya fara ne daga cinyoyi. Ya tashi da safe sun kumbura sun yi tauri, ko taɓawa aka yi sai ya ciji leɓe. Sallah ma a zaune ya yi ta, don ba ya iya ruku'u. Tsuguno ya gagara, sai na kawo masa wani tsohon kwano ya yi fitsari a ɗaki. Da na ɗauka zan zubar sai na tsaya cak a tsakar gida. Fitsarin baƙi ne, kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Na nuna wa Inna. Ta leƙa ta ce, “Haba Kulu, wannan ne ya tayar miki da hankali? Tsargiya ce. Wane ɗa namiji ne bai yi ta ba a garin nan? Tun yana yaro yana wanka a kududdufi ya yi ta, ta tafi da kanta.”

Na ce, “Inna, ta tsargiya ai ja ce, kuma a ƙarshen fitsari take ɗiga. Wannan baƙi ne tun daga farko.”

Ta ce, “Ke yaushe aka haife ki?”

Aka aika kemis aka sayo ƙwayoyin ciwon jiki, yana ta haɗiya bibbiyu. Da la'asar Saje ya zo dubiya, ya tsaya daga zaure. Ina ji daga bayan ƙyaure yana cewa, “Tsamin jiki ne, ɗan'uwa. Tsamin jiki kuwa ba a kwanta masa, da motsi ake korarsa. In ka kwanta sai ya kama ka.” Washegari kuwa Malam ya ja ƙafa ya koma sito. Ina kuka ina faɗa, bai ko waiwayo ba. Ba a jima ba sai ga shi an riƙo shi mutum biyu, ya yi amai har a rigarsa.

Mako na biyu shi ne wanda ba na son tunawa. Fitsarin da yake baƙi ya fara raguwa, yau ɗan kaɗan, gobe abin da bai cika ludayi ba, daga nan sai ya ɗauke. Fuska ta kumbura, idanu suka shige ciki, ƙafafu in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Ga shaƙuwa ba ta tsayawa. Abinci ko ƙamshinsa ba ya so. Masu dubiya kuwa kowa da maganinsa a baki. Wannan ta ce ciwon shawara ne, a jiƙa saiwa. Wancan ya ce baki ne ya kama shi, don ana ta yabon ƙwazonsa. Inna ta jiƙa jar kanwa ta ɗura masa, wai tana buɗe mara. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a cinyoyi, jini baƙi ya fito, kowa ya ce madalla, ciwon ne ke fita. Ni dai ina kallon kwanon nan da yake a bushe, na san ba abin da ke fita.

Allah ya saka wa Sista Bose da alheri duk inda take. Maƙwabciyarmu ce, Bayarabiya haifaffiyar Funtuwa, Hausa a bakinta ta fi tawa, nas ce a asibiti. Ta dawo daga aiki ta gan ni a bakin famfo idona jawur, ta ce lafiya? Na faɗa mata. Ko kayan aikinta ba ta cire ba ta biyo ni. Ta duba ƙafarsa, ta ɗaga fatar idonsa, ta tambayi rabonsa da fitsari. Da ta ji, sai ta juya wurin Inna, ta durƙusa har ƙasa.

Ta ce, “Inna, ki yi haƙuri, ni 'yarki ce. Amma in wannan bawan Allah ya ƙara kwana biyu a ɗakin nan kuna ba shi kanwa, zaman makoki za ku yi. Ƙodarsa ce ta tsaya.”

Inna ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi! To me muke jira?”

Na gode wa Inna a nan, don da ta ji gaskiya ba ta tsaya gardama ba. Ita ce ma ta shiga ɗaki ta kwance abin da ta ɗaure a bakin zane.

Da safe muka kai shi asibiti a bayan a-kori-kura. Layin yankar kati kaɗai ya kai bakin ƙofa, mata da goyo, tsofaffi a kwance kan siminti, kowa ciwonsa ya fi na kowa. Malam yana jingine da bango yana shaƙuwa, ni ina layi ina waiwayensa. Ba don Sista Bose ta zo ta ja mu ba, da sai azahar. Likita ya duba shi, ya yi magana da Sista da Turanci, na ga fuskarta ta canja. Ta ce min, “Kulu, nan ba su da kayan gwajin da yake bukata. Zariya za ku tafi, yau ɗin nan, ba gobe ba.”

Muna fitowa sai ga Saje Bulus a tsaye a bakin asibitin, hularsa a hannu. Wallahi da ina da muciya a hannuna da na yi abin kunya. Na ce masa, “Ka ga aikinka? Ga namijin naka nan!” Ya tafi tasha ya samo mota, ya zauna a baya ya ɗora kan Malam a cinyarsa har Zariya. Da muka isa babban asibiti ba a samu keken tura marar lafiya da wuri ba, mutumin nan da ɗingishinsa ya goya mijina a baya ya hau da shi bene. Ina binsu ina jin haushinsa, ina kuma sa masa albarka a zuciyata, duka a lokaci ɗaya.

Likitan da ya karɓe mu baƙo ne, ba ya jin Hausa, wani nas ne yake fassara. Ya sa na ba shi labari tun daga farko. Da na zo kan buhun taki sai ya sa aka maimaita masa, ya ɗauka nas ɗin ne bai fassara daidai ba. Bayan an ɗebi jini an gwada, ya kira ni da Saje. Maganarsa har yau tana kunnena.

Ya ce, “Naman jikinsa ne ya sha wahalar da ta fi ƙarfinsa, ga zafi, ga rashin ruwa, ga rashin hutu. Sai ya farfashe ya bi jini ya je ya toshe ƙoda. Baƙin fitsarin da kika gani, naman jikin mijinki ne yake fita.” Ya ce ƙwayoyin kemis da kanwar nan sun ƙara wa ƙodar nauyi. Na tambaya ko ƙodar ta mutu ke nan. Ya ce, “Ba ta mutu ba, suma ta yi. In aka bar ta ta huta tana iya farfaɗowa. Alamar da muke jira ɗaya ce, fitsari.” Ya ƙara da cewa in bai zo ba, injin da ake wanke jini da shi ba a kusa yake ba, kuma bai yi mana alkawarin Malam zai kai can ba.

Saje ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hula. Can ya ce, “Kulu, haka aka yi mana a soja.”

Na ce, “A sojan ma kuna zuwa gona da asuba?”

Ya ce, “A'a. Kuma in an ba mu gwale-gwale yau, gobe ana barin mu. Na san yana ninkawa, daɗi nake ji. Ban hana shi ba.”

Daga nan ban ƙara yi masa gori ba, don na ga abin yana cinsa fiye da yadda bakina zai iya.

Aka sa wa Malam roba ta fitsari da jaka a gefen gado. Ruwan da zai sha sai an auna a ɗan kofi, don jikinsa ya riga ya cika, ba hanyar fita. Mutumin da ya riƙa ture moɗa don jarumta, ga shi yana roƙona da ido in ƙara masa kurɓi ɗaya, ni kuma ba dama. Gishiri an hana, kanwa kam ko sunanta. Ni da sauran masu jinya a baranda muke zama, kowa da tabarmarsa da risho. Wata mata daga wajen Dandume da ke jinyar ɗanta ita ta riƙa raba tuwonta da ni. Akuyoyina duk a wannan zaman suka tafi, da buhun masarar da muka ajiye, tsakanin kuɗin mota da magani da abin sawa a baki. Ban yi baƙin cikinsu ba, amma na ji zafin tafiyar jar akuyar, don ciki gare ta.

Aikina a makon nan ɗaya ne, kallon jaka. Da an buɗe ƙofa a bar masu jinya su shiga, kafin in dubi fuskar mijina sai na dubi ƙasan gado. Kwana da kwanaki ba komai sai ɗan baƙin abu a gindinta. Malam ya fara sambatu, yana kiran sunan babansa da ya daɗe da rasuwa. Na fita bayan ɗakin na yi kuka mai isata, na wanke fuska na dawo.

Wata ranar Talata da hantsi na shiga da kunu. Na sunkuya kamar kullum. Sai na ga robar tana ɗiga, ɗis, ɗis, kuma abin da ke taruwa ba baƙi ba ne, ya yi ruwan zuma. Kwanon kunun ya suɓuce daga hannuna. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin maza marasa lafiya, ni Kulu, a kan fitsari! Nas ya taho a guje zai yi faɗa, da ya ga jakar sai ya yi dariya ya tafi kiran likita. Wani tsoho a gadon kusa ya ce, “'Yar nan, haihuwa aka yi?” Na ce, “Baba, ta fi haihuwa.” Saje da ya zo da rana ya ji labari, sai ya durƙusa a baranda ya yi addu'arsa irin tasu, ni ina gefe ina cewa amin.

Daga nan fitsari ya ɓalle kamar an fasa randa, har sai da aka riƙa yi masa ƙarin ruwa don ya maye abin da ke fita. Kumburi ya saɓe, sai ga ainihin abin da ya rage na mijina, ƙashi da fata. Cinyoyin nan da yake taƙama da su sun koma kamar na yaro. Amma hankalinsa ya dawo, ya tambayi 'yarsa, ya tambayi ko ruwa ya sauka a gida.

Ranar sallama likita ya sa nas ya faɗa mana sau biyu. Ba gudu, ba noma, ba ɗaukar kaya, ba zama a rana, har sai an yi girbi, kuma ya riƙa dawowa ana duba jininsa. Ya sha ruwa sosai. Ya ce, “Sauran maganin ba a kemis yake ba. Kwanciya ce.” Malam ya ce to, amma na ga idonsa, na san wannan to ɗin ba ta kai ciki ba.

Mun dawo gida mun tarar an yi shuka. 'Yan sito, Allah ya yi musu albarka, su suka taru suka yi mana gayya, suka shuka gonar suka kuma yi noman farko. Amma jinyar gida ta fi ta asibiti wuya, saboda baki. Da Malam ya fara cin tuwo, ya ɗan yi kumari, sai masu dubiya suka canja waƙa. “Ai ka warke, tashi ka motsa jini.” “Namiji ba ya daɗewa a tabarma.” “Likitoci haka suke, tsoratarwa ce.” Ina jin su daga madafa ina ƙuna. Wani har ce masa ya yi ai gwajin Kaduna ba wani abu ba ne, ya daure ya je, in ya sa kaki sai ya yi jinyar da albashi. Na leƙo na ce masa, “In ya faɗi a filin, kai za ka riƙe masa iyali?” Inna ta ce in shiga ciki, amma ban ji ta ce na yi ƙarya ba.

Ana gobe tafiya Kaduna Saje ya zo. Ya ce, “Ɗan'uwa, motar da na ɗauko wa yarana ba za ka shige ta ba. Na goya ka sau ɗaya, ba zan sake ba.” Malam ya ce ai ba motar Saje kaɗai ke zuwa Kaduna ba.

Da safe na fito daga wanka na tarar ya sa gajeren wando a ƙarƙashin riga, yana ɗaura igiyar kambas. Inna tana bakin ƙofarta tana hawaye, ta yi magana har ta gaji. Ya ce, “Kulu, wannan ce dama ta ƙarshe. In na zauna, haka za mu ƙare, rabin shekara aiki, rabin shekara jira. Don ku nake yi.”

Na san gaskiya yake faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na buɗe baki zan yi masifar da na saba, sai na ga ba ta taɓa tsayar da shi ba. Na rufe bakina. Ya fita. Na yafa mayafi, na naɗe tabarma na saɓa a kafaɗa, na cika buta da ruwa, na bi bayansa.

Ya waiwayo ya ce, “Ina za ki?”

Na ce, “Hanya ta gwamnati ce.”

“Ki koma gida, Kulu, kada ki tara min mutane.”

“Ka yi tafiyarka, ni ban kira kowa ba.”

Haka muka bi layinmu, shi a gaba, ni a baya da tabarma. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, rana ba ta ma yi zafi ba. Da farko yana taku irin na fareti don in gani. Kafin mu kai masallacin unguwa takun ya ragu. Muna wuce rumfar mai niƙa na ga ya dafa bango, ya saki, ya ƙara 'yan taku, ya sake dafawa. Tasha kuwa ko rabin hanyarta ba mu yi ba. A gindin wata bishiyar darbejiya ya tsaya, numfashi na fita da ƙyar. Na warware tabarmar na shimfiɗa a inuwar, a nan bakin hanya, mutane na wucewa.

Ya daɗe a tsaye yana kallon tabarmar. Sai ga motar su Saje ta taho daga kwana, cike da 'yan sito suna waƙa. Da suka gan mu waƙar ta mutu. Saje ya ɗaga masa hannu daga gaban mota, sauran ma suka ɗaga. Malam ya bi motar da ido har ta sha kwana. Sannan ya zauna a kan tabarmar, ya sa fuska a tafin hannu, ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba, ko a asibiti.

Na zauna kusa da shi, abin da ban taɓa yi a bainar jama'a ba. Na ce, “Malam, ni ba kaki na aura ba.”

Ya share fuska, ya kwance igiyar kambas ɗin, ya cire su ya ajiye a gefe. Ya ce, “Miƙo min ruwan nan.” Ya sha, ya kishingiɗa. Muna nan har ya samu ƙarfin komawa gida.

Daga ranar ya kwanta da gaske. Ya yi damina a tabarma, yana sheƙa barci, yana wasa da 'yarsa, in an kira shi rago ya ce na gode. Muna zuwa Zariya ana duba jini, kowane zuwa sai an ce ya fi na baya. Da aka fara yankan dawa likita ya ce ƙodar ta dawo aikinta, ya koma harkokinsa a hankali. Aikin ɗamara dai bai yi shi ba har abada. Ya koma awon audugarsa da nomansa, wata shekara a samu, wata a yi haƙuri, muka haifi sauran 'ya'yanmu muka aurar da su.

Ga wanda zai ji, ni ban ce kada a motsa jiki ba. Amma in ka wahalar da shi a cikin zafi, ka ba shi ruwa, ka ba shi yininsa na kwanciya kafin ka koma. In tsamin jiki ya zo da kumburi, ko ka ga fitsarinka ya yi baƙi ko ya ragu, kada ka tsaya jin ta bakin masu dubiya, kada ka nufi kemis, asibiti za ka nufa a ranar.

Yanzu haka Malam yana zaure yana barcinsa na bayan azahar, ina jin munsharinsa daga nan. Ɗazu wani ya yi sallama yana nemansa, wai maganar gaggawa ce. Na ce ya dawo da la'asar. Ba na tashinsa.